Shin In Tsinke Furen Kabewar Babana?

Anti Verna,

Don Allah ki taimake ni, in da hali kuma ki amsa mini a shafinki na jaridar wannan makon, domin in Laraba mai zuwa ta wuce amsar ba za ta yi mini rana ba. Na san da kin ga maganar kabewa ce za ki yi dariya. Ni ma da wata ce ta rubuto da na dara. Amma wallahi ran mahaifina ne a ciki, kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Babana ya doshi tamanin. Tun rasuwar Mama ya sayar da gonar tuffa, bai bar wa kansa komai ba sai ɗan filin da ke bayan rumbu, inda yake noman manyan kabewin nan na gasa da sai da tarakta ake ɗaga su a kai ma'auni a watan Oktoba. Tun ban san kaina ba yake wannan abu. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Na biyu kam ya sha zuwa, kuma kusan kullum a bayan maƙwabcinmu Kawu Garnet, wanda ba mu haɗa jini ba amma haka na tashi ina kiransa. Abin da Baba yake tinƙaho da shi ba nauyi ba ne, irinsa ne. Shekara da shekaru shi yake zaɓar uwa ya zaɓi uba da hannunsa, har ya samu wata kabewa ja jawur kamar gwaiduwar ƙwai, mai tsayuwa cur, ba irin fararen nan da suke bajewa a ƙasa ba. To, da ƙanƙara ta narke bana ruwa ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda yake ajiya, irin duk ya yi fumfuna. Ya tsinci 'yan ƙwayoyin da suka yi dama-dama ya shuka, ɗaya tak ta fito. In wannan shukar ba ta yi ɗa ya nuna ba, irin ya ƙare ke nan a duniya.

Sai kuma ga daminar nan. Ke ma ai kina cikinta. Tun tsakiyar Yuni rabonmu da mu ga rana ta wuni. Macen fure ta farko ta buɗe ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba ya ɗaure bakinta tun da yamma, ya kifa mata kofi, amma iska ta cire kofin. Da ya je tsinko mazan furannin ya tarar bununinsu, garin nan rawaya da ake shafa wa macen, ya zama kamar kunu. Ƙudan zuma ma ko ɗaya bai fito ba. Ta biyu kuwa ya shirya mata, ya durƙusa cikin taɓo da lema a kafaɗa ya yi aikinsa tsaf. Ɗan ya kama, ya kai girman dunƙulen hannu yana sheƙi, Baba har waƙa yake yi a bakin murhu. Bayan 'yan kwanaki sheƙin ya dushe, ya yi laushi, ya yi rawaya, ya ruɓe. A kan ta uku ne na zo kawo masa burodi da safe na kira shiru. Na same shi kwance rub da ciki tsakanin ganye, fuskarsa a taɓo, furen namiji a hannunsa. Anti, ban taɓa sanin ina da murya irin wadda na yi ihu da ita ran nan ba. Ita ma ta ukun ba ta kama ba.

Dama tun bara likita ya ce wata 'yar ƙofa a zuciyarsa ta tsuke, sai an canja ta, muna ta jiran layi. Saboda suman nan aka matso da shi gaba. An ce ya kwana asibiti a Halifax ranar Laraba, a shiga da shi Alhamis da safe. Na yi ta godiya ga Allah. Ashe da sauran rina a kaba. Akwai tohon mace ta huɗu a kan uwar yaɗon, kuma ita ce ta ƙarshe da za ta iya nuna iri kafin sanyi ya ƙone ganye. Baba ya sunkuya ya dube ta ya ce Alhamis za ta buɗe, in ta yi nawa Juma'a. Kin san furen nan safiya ɗaya gare shi, kafin rana ta take ya rufe, shi ke nan. Sai kawai ya miƙe ya ce zai buga wa asibiti su ɗaga masa.

Na ce, "Baba, kan kabewa za ka kashe kanka?"

Ya ce, "Kabewa ba ta taɓa kwantar da wani ta tsaga masa ƙirji ba."

Na ce masa mutane nawa ne suke roƙon Allah ya ba su wannan ranar da ya samu. Ya ce to a ba su, ya yafe. Wai zuciyar da ta yi haƙuri shekara kusan tamanin ba mako guda ne zai gagare ta ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, har fasto na kira masa. Faston ya sha shayi, aka zagaya da shi gonar, ya tafi yana yaba girman ganye.

Na ce to ya nuna mini ni in yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke da ko namijin fure da mace ba ki iya bambancewa?" Gaskiyarsa ce kuwa. Kuma ko da na iya, ni a asibiti nake so in kasance. Daga nan zuwa Halifax tafiya ce ta fiye da awa guda. In wani abu ya faru ina durƙushe cikin taɓo da fure a hannu, da wane ido zan dubi kaina?

Kawu Garnet shi ma ruwan ya gama da shi bana, filinsa a gangare yake, duk shukarsa ta nutse. Shekaranjiya ya shigo da manyan takalmansa yana ɗiga, ya ce, "Everett, tsohon banza, tafi a gyara maka famfon ƙirjin nan naka. Ni zan ɗaura wa amaryar aure."

Baba ya ce, "Kai? Da hannun nan naka mai karkarwa? Ka lallaɓo ka shafa mata bununin katifun nan naka da kake kira kabewa, waɗanda suka sha ruwa?"

Kawu ya ce, "Katifun nan dai su suke kayar da kai duk shekara."

"Nauyi ai ko buhun taki yana da shi," in ji Baba.

Suka yi ta yi, suna dariya suna tari. Amma da na raka Kawu wajen motarsa sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce mini, "Yarinya, ko a ɗaure ne ki kai shi. Shi kaɗai ya rage mini wanda nake zagi ya rama."

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Ƙanena Blair yana aiki a Alberta, ba zai samu zuwa ba sai bayan an yi aikin. Da na faɗa masa ta waya ko numfashi bai ja ba ya ce, "Yaya, ki je ki tsinke tohon nan kawai. Ki ce ruwa ne ya karya shi. In babu fure babu hujja. Ya yi fushi da ransa ya fi mu binne shi da kabewa a kai." Na ce masa ba shi da imani. Amma jiya da sassafe, Baba yana wanka, sai ga ni a gonar. Na sa yatsu biyu na kama tohon. Ɗan ƙwallon da ke gindinsa bai fi goro ba, da ɗan gashi-gashi mai laushi a jikinsa. Murɗawa ɗaya ce. Na daɗe a haka ruwa yana zuba a ƙeyata, sannan na saki na koma ciki na dafa masa ƙwai. Ban yi ba, amma ban ce ba zan yi ba, don har yanzu zuciyata tana can.

Abin da yake ƙara dame ni shi ne ban yarda da hannuna ba. Muna yara, watan Yuli ba namu ba ne. 'Ya'yan mutane suna bakin teku, mu muna gida domin fure zai buɗe. Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta ya iso an watse, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa. Na zaci na manta duk wannan, ni da nake da jika yanzu. Amma da na riƙe tohon nan na ji wani abu a raina yana cewa yau dai kin samu. To ceton ransa nake so in yi, ko tsohon haushi nake so in huce? Ban sani ba.

Ban san ma ko yana da amfani in faɗa miki wannan ba, amma kwanan nan Baba ya canja. Ya kai ni ya nuna mini inda ake kashe ruwan gidan. Ya ba wani yaron cocinmu sandunan kamun kifinsa. Wan Baba, Cecil, ma a kan gadon aiki ya tafi shekaru da yawa da suka wuce, an sa shi barci bai farka ba, kuma ba a ambaton wannan a gidanmu. Ƙila tsufa ne kawai. Ni dai kaina ya kulle. In na bar furen, zai ɗaga aikin, kuma wa ya san ko zai kai wata ranar. In na tsinke, na kashe abin da ya raina tsawon rayuwarsa, kuma in yi ta yi masa ƙarya har ɗayanmu ya mutu. Gaba kura, baya sayaki. Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, in tsinke ko in bari?

'Yar Mai Kabewa, daga Kwarin Annapolis

*

'Yata,

Ban yi dariya ba. Ki cire hannunki daga tohon nan, kuma kada ki sake komawa wurinsa ke kaɗai da wannan tunanin.

Mutumin da ya kalli toho ya faɗi ranar buɗewarsa ba zai kasa bambance ruɓewar ruwa da shaidar farce ba. Kallo ɗaya zai yi ya gane. Sai ki tura shi ƙarƙashin wuƙa yana ganin 'yarsa ta cuce shi, ga shi kuma babu abin da yake jiransa a gida. Mai jinya yana bukatar dalilin tashi daga gado, ke kuma shi za ki murɗe. Maganar tsohon haushi kuwa, kada ki wahalar da kanki. Duk 'yar da ta tashi a gidan mai son wani abu fiye da kima tana da irinsa. Kin riƙe tohon kin saki, kin koma kin dafa masa ƙwai. Wannan ya ishe ni sanin wace ce ke.

Amma ƙanenki ma ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi magana da bakinsa, kuma a abu ɗaya gaskiyarsa ce cif: ba a wasa da ranar aikin nan. Ni ba likita ba ce, sai dai na san ba a matso da mutum gaba a layi don ana jin daɗin fuskarsa. Gobe da safe ki buga wa ofishin likitan, Baba yana zaune kusa, ki roƙa a gaya masa baki da baki abin da jinkirin mako guda yake nufi ga wanda ya riga ya suma, da kuma ko ranar da ya saki za ta dawo nan kusa. Abin da zai musa a bakinki zai yi wuya ya musa a bakin wanda zai riƙe wuƙar. Daga yau kuma an daina durƙuso a taɓo. Ya zauna a kujera a bakin gona ya ba da umarni, ai ya iya.

Shi ma mahaifinki yana da tasa gaskiyar. Irin da mutum ya raina da hannunsa tsawon rayuwa ba abin raini ba ne, kuma duk wanda ya ce masa "kabewa ce kawai" ya rufe ƙofar magana. Inda ya kuskure shi ne zaton da yake yi sai hannunsa. Ni kabewar miya kawai nake shukawa, don haka na tuntuɓi wata ƙawata da ta tsufa a wannan gasa. Ta ce ruwa irin na bana ta fuska biyu yake ɓarna. Ta farko a kan furen: bununi in ya jiƙe ya tashi aiki, macen kuma in ruwa ya taru a cikinta ba ta karɓa. Wannan ita ta ci ta farkonku. Ta biyun a ƙasa take, ita ce kuma muguwar. Saiwar da ta kwana ta wuni cikin ruwa ba ta numfashi, ganye ba ya samun rana, sai shukar ta ga ba za ta iya ciyar da ɗa ba ta yar da shi, ko da an haɗa furen yadda ya kamata. Ki tuna masa macen fure ta biyun nan, cikin ladabi. Shi ya yi ta da kansa, babu kuskure, ta kama kuma ta zube. Ashe ba hannu ne ya gaza ba. Ko ya zauna ranar Alhamis, in ƙasar tana nan a jiƙe, abin da ya faru shi zai sake faruwa, ya yi biyu babu.

Saboda haka aikin da zai ceci irin nan ba na Alhamis ba ne, na yau ne da gobe, kuma yana gida zai ga an yi shi. A haƙa 'yar lambatu a gefen filin ruwa ya samu hanyar fita. A kafa rumfar leda mai ƙwari a kan tohon, sama sosai yadda iska za ta ratsa, a ɗaure ta yadda ba za ta bi kofin nan ba. A shimfiɗa katako a riƙa takawa don kada a danne ƙasar. Baba da kansa ya zaɓi mazan furannin da yake so, a ɗaura musu zare mai launi. Da yamma, ana gobe za su buɗe, a yanko su a sa a kofin ruwa cikin ɗaki, su wayi gari a bushe. In an shafa wa macen a sake ɗaure bakinta. Ƙawar tawa ta ƙara da wani abu: yaɗon kabewa yana yin saiwa a gaɓoɓinsa, ana iya binne wani reshe a tukunya, in ya kama a yanke a shigar da shi ɗaki mai ɗumi da haske ya ketare sanyi. Ta ce da wuya, ba kullum ake dacewa ba. Amma ko ba komai irin ya daina rataya a kan safiya ɗaya.

Saura hannun wa. Ni Garnet na zaɓa. Tsoron da Baba yake yi na a cakuɗa masa iri, ruwa ya riga ya raba wannan gardama, tunda ke kika ce shukar Garnet duk ta nutse. Da wane bununin zai yi ha'incin? Kuma mutumin da ya yi hawaye a jikin mota ba zai ci amanar abokinsa yana kwance ba. Amma kada ki yanke masa, ki bar shi ya zaɓa tsakanin ke da Garnet, domin an riga an ƙwace masa zaɓi da yawa a 'yan kwanakin nan. In ya ce Garnet, ki tafi Halifax da zuciya ɗaya. In ya ce ke, ki koya a kan furen kabewar miya kafin ranar, ki kai shi Laraba ki dawo, ki yi aikin furen da asubar Alhamis ki kama hanya. Sa'ad da yake cikin ɗakin aiki babu abin da zamanki a kan benci zai ƙara masa. Farkawarsa ce take bukatarki, kuma za ki iso kafin nan. Ƙila ma furen ya yi nawa sai Juma'a, duk wannan ya zo da sauƙi.

Abin da kika ce ba ki san amfanin faɗarsa ba, shi ne mafi amfani a wasiƙarki. Mutumin da yake nuna inda ake kashe ruwa, yake rabar da kayan kamun kifinsa, ba ya zaton zai dawo. Tsoro yake ji, irin na wanda ya raka wansa asibiti ya dawo shi kaɗai. Namijin zamaninsu ba zai buɗe baki ya ce ina tsoro ba, sai ya ce fure zai buɗe. Shi ya sa ko kin tsinke tohon wata hujjar za ta tsiro. Ki zauna kusa da shi, ba lokacin gardama ba, ki ambaci sunan Cecil. Ki ce ke ma kina tsoro. In ya yi shiru ki bar shi da shirunsa, kada ki cike masa da magana. Ki kuma gaya wa likitan labarin wan nasa, don su san wa suke lallashi, su kuma bayyana masa yadda aikin yake a yau.

Ba zan yi miki alkawarin ɗan zai kama ba. Ƙila ku yi komai daidai ya zube, haka noma yake, kuma mahaifinki ya fi ni sanin wannan. A ƙarshe ma jikinsa ne, ba za ki iya kai shi a ɗaure ba ko da Garnet ya ba da igiya. Abin da kike iyawa shi ne ki kawar masa da kowace hujja ta hanyar gaskiya, har ya rage daga shi sai tsoronsa, sannan ki riƙe hannunsa a kai.

Ranar Laraba, in kin gama sa kaya a mota, zai ce bari ya leƙa gona. Ki bar shi. Ki tsaya inda kike hango shi, kada ki kira, kada ki duba agogo. Zai daɗe. In ya juyo, ki buɗe masa ƙofa kawai.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa a yi a sa'a, ya ba ki ƙarfin zuciya. Allah kuma ya ɗan buɗe mana sama mu duka.

Taki,
Anti Verna